Bula a Gemun Yaya

Kalmar da na fi faɗa a rayuwata, in an cire salati da gaisuwa, ita ce "sake". Na faɗa wa samari, na faɗa wa magidanta, na faɗe ta har muryata ta dushe, ya zamana ko sallama na yi a ƙofar gida sai a tambaye ni ko mura ce ta kama ni. Ni malamin gona ne, kuma rabon da ya faɗo mini a aikin shi ne koya wa masu noman rani yadda ake feshin maganin ƙwari ba tare da mutum ya kashe kansa kafin ya kashe tsutsa ba.

Da na fara, wa'azi nake yi. In tara manoma a ƙarƙashin dogon yaro, in buɗe baki in yi ta zuba: maganin nan dafi ne, yana shiga ta fata, yana shiga ta hanci, ya fi saurin shiga ta baki. Su gyaɗa kai su ce, "Gaskiya ta, Malam, Allah shi saka da alheri." Washegari in bi ta fadama in tarar da wanda ya fi kowa gyaɗa kai yana dama magani da hannu, ba safa ba komai, ga goro a kumatu. Sai da na ɓata rani da yawa kafin na yarda cewa kunne ba ya riƙe komai a wannan aiki. Hannu ne ke riƙewa, shi kuwa ba ya jin lallashi, sai an maimaita masa abu har ya gaji da gardama.

Sai na daina surutu. Akwai wani fili a bayan ofishinmu, na ja layuka da toka a ƙasa kamar fangalin albasa. Kowa ya goya tankin feshi cike da ruwa zalla, hannun hagu yana buga famfo, na dama yana riƙe da sandar, ya bi layi har ƙarshe ya dawo. In ya juya ya fuskanci iska, sake. In ya share gumi da safar hannu, sake. In ya miƙa wa wani hannu su gaisa bai cire safa ba, su biyun duka su sake. Mafi yawansu samarin Unguwar Rogo ne masu bin gonaki suna feshin ƙwadago, sauran kuma masu gonakin ne da kansu. Ba wanda yake sona kafin azahar, ni ma kuma ba na son kowa.

Duk waɗannan da sauƙi. Abin da ya ci mini rai shekara da shekaru abu ne ɗan ƙarami. A ƙarshen sandar feshi akwai wani ɗan baki mai siririyar ƙofa, ta nan maganin yake fita. Ruwan fadama kuwa ba ya rabuwa da yashi, saboda haka bakin nan kullum cikin toshewa yake. To, mu a gidajenmu duk abin da ya toshe hura shi ake yi. Wuta ta ƙi kamawa, a hura. Abu ya faɗa wa yaro a ido, a hura. Bakin buta ya toshe, a hura. Mutum ya taso da wannan tun yana rarrafe, don haka da zarar feshi ya tsaya, kafin tunani ya iso, ya riga ya kwance ɗan bakin ya kai leɓe, ya hura dafin, wani ma har ya tsotsa ya tofar.

Abin da nake so hannu ya koya shi ne wannan: feshi ya tsaya, ka kwance bakin ka riƙe a hagu, hannun dama ya haura kafaɗar hagu. A can na ɗaura wa kowa tsohon buroshin goge haƙori da zare, a jikin igiyar tankin. Da shi za a goge, baki kuwa ya zauna a rufe. Don in tabbatar an yi ta maimaitawa, da gangan nake zuba ɗan yashi a ruwan koyon. Don kuma kada wani ya yi mini wayo in na juya baya, sai na riƙa sayo bula a wani shago a Ƙofar Rini, irin wadda mata ke sa wa fararen kaya, ina kaɗa ta a ruwan da kauri. Duk wanda ya hura, leɓensa ya yi shuɗi, ba musu ba rantsuwa. Samari su yi ta yi masa dariya, ni kuma in ce sake. Wannan dabara ta fi duk wa'azin da na taɓa yi aiki, kuma na yi alfahari da ita.

Ana cikin haka ashe wanda ya fi kowa hurawa a duk fadamar yana cikin gidanmu.

Yayana ya girme ni nesa ba kusa ba. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe gidanmu na Ƙofar Dundaye, shi ya ci gaba da gonar albasa a bakin gulbi, shi ya tsaya kai da fata sai na yi makaranta. Babban wa uba, in ji mutane, ni kam ban san wani uba ba sai shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ba na zama tabarma ɗaya da shi, in yana magana ƙasa nake kallo. Shi kuma tun ranar da na kama aiki yake kirana Malam, yana ɗan jan kalmar yadda ni kaɗai na san tsokana ce. Ya fara feshi tun ina zuwa makaranta da gajeren wando. In ya gama, ya sayi nono wajen Bafulatanar da ke bi ta gonaki, ya sha ya ƙoshi, ya ce ya wanke cikinsa. Na sha gwada yi masa magana a kaikaice, in ce an ce wani a ƙauye kaza ya kwanta saboda hura bakin feshi. Ya ce, "Allah shi ba shi lahiya," ya ci gaba da jan carbinsa.

Wata rana da hantsi aka kawo shi a kan babur, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da shi ta baya. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, yawu na zuba bai sani ba, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama ɗan ɗigo. Na san abin da nake gani, ni da nake kwatanta shi ga mutane kullum. Muka kai shi asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Da ya dawo gida ya ce rana ce ta buge shi.

Matarsa ce ta tare ni a tsakar gida, tana tankaɗen gari, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai ka koya ma mutanen gari, ga naka nan cikin gida shina shan dahi. In yam mutu, wa za ka hwaɗa ma ka iya aiki?"

Na ce, "Ƙaƙa za ni yi da shi? Ni ka ce mai shi sake?"

Ta ce, "Wanga kuma kai kas sani."

Ban kai ga samun dabara ba sai dama ta kawo kanta. Ƙungiyar manoman albasa ta samo sababbin tankunan feshi, aka ce ba wanda za a ba sai wanda ya halarci horo. Na Yaya kuwa ya tsufa, yana yoyo a bayansa. Ran nan na iso fili da safe sai na gan shi a layi, da farin gemunsa, tsakanin yaran da ba su kai 'ya'yansa ba. Na je na durƙusa na gaishe shi a gaban kowa. Ya ce, "Tashi, Malam, yau mu na ɗalibai." Samari suka yi murmushi. Ni ban yi ba, don na san abin da ke cikin ruwan, kuma ban ga yadda zan canza wa mutum ɗaya tanki ba tare da kowa ya gani ba. Na yi bayani kamar kullum, na nuna buroshi, na ambaci bula har sau da yawa ina satar kallonsa. Ya gyaɗa kai, irin gyaɗa kan da na sani.

Ya goya tanki ya kama layi. Bai kai tsakiya ba feshi ya tsaya. Ina kallo, ina addu'a a zuci. Ya kwance bakin, ya kai leɓe, ya hura da ƙarfi, ruwan ya fantsamo masa. Da ya ɗago, leɓensa shuɗi, gemunsa shuɗi har ƙasa, buroshi kuwa yana lilo a kafaɗarsa ba wanda ya taɓa shi.

Can wani yaro ya kasa riƙewa ya tuntsire, sauran suka bi. Sannan dariyar ta mutu, duk idanu suka dawo kaina, suna jiran kalmar da na faɗa wa kowannensu ba sassauci. In na haɗiye ta yau, gobe ba ni da bakin faɗa wa kowa. In kuma na bar shi ya wuce, na san inda zai je ya hura na gaske. Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, a sake."

Ya sauke tankin a hankali, ya jingine sandar, ya sa hannun riga ya goge bakinsa, abin ya ƙara yaɗuwa har kumatu. Ya bi ta gabana ya fita daga filin, tafiyarsa ta kullum, bai ƙara sauri ba.

Ban san bula tana kama farin gashi haka ba. Matarsa ta wanke da sabulu, ta goga lemun tsami, shuɗin ya ragu amma ya ƙi tafiya. Mutumin da ba a taɓa rasa shi a sahun gaba ba ya koma salla a ɗaki. Da abin ya ishe shi sai ya aika aka kira wanzami, aka rage gemun da ya daɗe yana tattalinsa har kusan fata. Ranar da ya fito na gan shi, na ji kamar in nutse.

Gida kuwa ya taso mini. Gwaggonmu ta sa aka kira ni, ta wanke ni tas. "Boko na yas sa ka haka? Wanda yar rene ka shi za ka tozarta gaban ɗiyan mutane?" Maƙwabta suka riƙa amsa gaisuwata a taƙaice. Na ba da haƙuri inda ya kamata, amma gaskiya raina a ɓace yake. Kowa yana maganar gemu, ba wanda ya tuna ranar da aka kawo shi a kan babur yawu na zuba. Gemu dai yana tsirowa. Na so in faɗa musu haka, na yi shiru, don ƙaramin gida ba ya cin gardama ko da shi ke da gaskiya.

Tsakanina da Yaya sai gaisuwa. In durƙusa in ce ina kwana, ya ce lahiya, shi ke nan. Ya daina kirana Malam, ya daina kirana komai. Ya liƙe tsohon tankinsa da roba ya koma gona, kuma kullum in ya dawo ina duban gefen bakinsa, inda fata ta fara yin ja tana saɓulewa. Haka muka ƙare wannan rani, damina ta zo ta wuce.

Da aka fara dashen albasa na gaba, muryata ta ɗauke gaba ɗaya. In buɗe baki sai iska. Likita ya ce in daina ihu, na yi dariya ba sauti, don ihun shi ne aikin. Ina zaune a fili ina buga tafi maimakon magana, samari suna yin abin da suka ga dama, sai wani tunani ya zo mini. Ba a ce wa babba ya sake. Amma ba wanda ya hana babba ya ce wa yara su sake, kuma wanda zai ce a sake dole ya nuna yadda ake yi.

Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa, na yi magana da 'yar ragowar muryar da nake da ita. Na ce, "Yaya, aikin ga ya hi ƙarhina. Yaran ga ba su jin tsorona, ga murya ta tahi. Sai babba ya tsaya musu."

Ya daɗe yana kallona. Yaya ba yaro ba ne, na tabbata ya ga zaren da nake ja. Amma ya ga kuma na zo da kaina na durƙusa, kuma ƙofar da na buɗe masa ba ta sunkuyawa ba ce. Ya ce, "Ba su jin magana, ko?"

Na ce, "Ko kaɗan."

Ya ce, "To, Malam. Mu gani gobe."

Ban taɓa jin daɗin wannan tsokana kamar ranar ba.

Washegari ya zo da sandarsa. Kafin a fara, ya ja ni gefe ya ce in nuna masa abin da ake so yaran su yi, don kada ya gaya musu ba daidai ba. Na nuna masa. Ya goya tankin da kansa, ya tsaya a gabansu ya ce, "Ku duba da kyau, ba ni son shashanci." Ya kwance bakin, hannun dama ya haura kafaɗar hagu, ya goge, ya mayar. Sannan ya juya kansu. Wallahi ni mai sauƙi ne ashe. Yaro ya yi daidai ma sai Yaya ya ce hannunsa ya yi nawa, ya sake. Wanda ya yi shuɗin baki kuwa, sai Yaya ya karɓi tankinsa ya nuna masa, ya ƙara nunawa, ya ƙara, yana cewa, "Mi ad da wuya nan? Ni tsoho ina yi." Ni ina kan benci ina kallon hannunsa yana hawa yana sauka, ina jin wani sanyi a raina. Duk ranar da ba ya ban ruwa yana fili. Har aka kai in ya ji feshin wani ya tsaya a bayansa, kafaɗarsa kan motsa kafin ya waiga. Na ce a raina na gama da wannan.

Kusan ƙarshen ranin na je fadama duba wata gona da tsutsa ta addaba, hanya ta bi da ni ta bayan tamu. Na hango shi shi kaɗai a tsakiyar albasa, sabon tanki a baya, don ƙungiya ta ba shi nasa tuntuni. Na tsaya bayan wata bishiya ina kallo, ba don leƙen asiri ba, so nake in ga abin da na shuka. Feshi ya tsaya. Ya kwance bakin. Ya kai leɓe ya hura, ya tofar, ya mayar, ya ci gaba. Ko waige bai yi ba, balle a ce ɓoyewa yake yi. Buroshin yana nan a kafaɗarsa.

Ban yi fushi ba. Gajiya ce ta sauko mini, irin wadda ban taɓa ji ba. Na ƙarasa na zauna a bakin fangali, a cikin laka, ban damu da wandona ba. Ya gan ni ya zo. Na kasa ɗaga kai, na nuna kafaɗarsa da hannu kawai. Ya dubi buroshin kamar yau ya fara ganinsa, ya taɓa leɓensa, ya dubi yatsunsa.

Ya ce, "Na hura?"

Na ce, "An hura, Yaya."

Can ya ce, "Wallahi ban sani ba. Can wurinka ina tunawa. Nan kau, ga rana na tahiya, ga iska za ta taso, bakin shi ka zuwa da kainai."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ta fi ƙarya ciwo. Hannunsa ya koyi filin bayan ofis, da layukan toka, da yara suna kallo. A gonar da ya yi rabin rayuwarsa yana hurawa, ba abin da ya canza. Nan take na tuna duk samarin da na sallama da hannu mai kyau, na tambayi kaina nawa ne a cikinsu suke can yanzu suna tofar da dafi a gonakin mutane. Ban so in san amsar ba.

Sai muka kwashe horon muka mayar fadama. Yaya ya ba da wani gefen gonarsa da aka cire albasa, nan muka riƙa yi, a cikin laka ta gaske, da rana ta gaske, da ruwan gulbi mai yashinsa na asali. Wahalar ta ninka. Kullum sai na ɗaure tankuna a bayan babur na bi hanyar da ke karya ƙugu, yara rabi su zo rabi su ce nisa. Ofis suka ce na cika son wahalar da kai. Yaya ya ci gaba da tsayawa yana nunawa, a kan ƙasarsa wannan karon, rani bayan rani. Ban ƙara laɓewa bayan bishiya ba. Na gaya wa kaina rashin kunya ne ƙane ya riƙa bibiyar wansa, amma tsoron abin da zan gani ne ya fi yawa. Matarsa takan ce gefen bakin ya warke, wani lokacin kuma ta ce ya dawo. Ni dai na ci gaba da ɗaura sabon buroshi duk sanda tsohon ya cinye.

Ƙirjin Yaya ne ya fara ba da labari. Tari ya zo ya ƙi tafiya, sannan ya zamana daga zaure zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Hannuwansa suka soma rawa in ya ɗauki kofi. Likitan da ya duba shi bai yanke cewa maganin feshi ne kaɗai ba, ya ce shekaru ma suna da nasu, amma ya ce ko warin maganin kada ya ƙara shaƙa. Yaya ya ba surukinsa tankin, da buroshin a jiki. Gona ta koma hannun 'ya'yansa. Shi kuma ya koma zaure, kan buzunsa, gemun ya dawo fari tas kamar ba abin da ya taɓa samunsa. In yana numfashi, daga bakin ƙofa ana jin wani ɗan fito a ƙirjinsa.

Ni ma ƙarfina ya ja baya. Har yanzu ina zuwa fadama, amma wani matashin ma'aikaci ne ke ihun, ni ina zaune. Sababbin yara suna zuwa kowace shekara da baki a shirye, kamar ba a taɓa koya wa kowa komai ba a garin nan. Wani lokaci in dube su in ji ba zan iya sake faɗar kalmar nan ba ko sau ɗaya, sannan in faɗe ta.

Kwanakin baya na dawo da azahar na tarar da shi a ƙofar zaure zai yi alwala. Na gaishe shi na tsuguna a gefe ina jira ya gama in karɓi butar. Ya karkata ta, ruwa ya ɗigo ya tsaya. Wani ɗan tsinke ne ko yashi ya shige bakin. Ya ɗaga butar da hannun hagu. Sai na ga hannun damansa, da rawarsa da komai, ya haura kafaɗar hagu, yana laluben zare a jikin riga. Ya laluba, ya ƙara lalubawa. Babu igiya, babu tanki, babu buroshi. Hannun ya tsaya a can.

Ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Malam, ka gani?"

Na ce, "Na gani, Yaya."

Abin da na yi shekaru ina jira ke nan, ga shi ya zo a kan butar alwala, ruwan da ko jariri zai sha. Kuma ko a lokacin wani abu ya tsaya mini a rai, don ban sani ba ko hannun ne ya koya, ko kuwa numfashin hurawar ne ba shi da shi. Idona ya cika. Don kada ya gani, na miƙa hannu na karɓi butar, na juya kai, na kai bakinta leɓena na hura. Tsinken ya fita, ruwa ya zubo.

Sai da na ɗago na gane abin da na yi. Yaya yana kallona, idanunsa suna ƙyalli, gemunsa yana rawa.

Ya ce, "Sake."

Ya fara dariya, dariyar ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa. Na ajiye butar na riƙe shi, tafina a bayansa, ina jin ƙasusuwansa ta cikin riga. Aka tayar da salla a masallaci muna nan a haka, ina jira numfashinsa ya dawo.